IDAN FIRJI YA DAINA SANYI: BAYANI GA JAMA'AR GOMBE

A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da hunturu ya wuce, damina kuwa ba ta sauka ba, zafin rana a birnin Gombe yakan kusanci digiri 40, wata rana ma ya kai. A wannan lokaci na bazara ne masu gyaran firji suka fi samun aiki, a cikinsa ne kuma jama'a suka fi yin asara. Azumin watan Ramalan na shekarar 2023 da na 2024 duk a cikin waɗannan watanni suka faɗo, kowa kuwa ya ga yadda ƙanƙara ta yi daraja da maraice.

Ga mutane da yawa firji jari ne. Matan aure a Jekadafari da Pantami da Bolari da Tudun Wada suna sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya daga cikin gidajensu, da ribar suke rufa wa kansu asiri. Mai shago yana ajiye lemo da ruwan leda, mai kifi yana ajiye kifinsa, mai ciwon sukari kuwa yana ajiye allurar da rayuwarsa ta dogara a kanta. In firji ya daina sanyi kwana ɗaya tak, kunun aya ya yi tsami, nama ya sake kama, magani ya rage ƙarfi. Abin takaici shi ne, sau da yawa dalilin bai taka kara ya karya ba, amma sai a ɗora firjin a kan a-kori-kura, a kai shi wurin gyara, a biya kuɗin gas ɗin da ba a bukata.

Yadda Firji Yake Samar da Sanyi

Duk wanda ya sha ruwan randa ya san asalin aikin firji, ko da bai lura ba. Ruwa yakan tsattsafo ta jikin randa, iska ta busar da shi, yayin da yake bushewa sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki. A kan wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu domin adana kayan lambu, abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Firji ma haka yake, sai dai maimakon ruwa yana amfani da wani sinadari mai saurin tafasa, wanda jama'a ke kira gas. Irin da ake kira R600a yana tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifiri, R134a kuwa a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri. Sinadarin yana shiga bututun da ke cikin firji yana ruwa-ruwa, ya tafasa a can, ya zuƙe zafin abinci, ya zama iska. Injin nan baƙi da ke ƙasan firji ta baya, watau kwamfuresa, shi ne ke jawo wannan iska ya matse ta har ta yi zafi, sa'an nan ya tura ta cikin bututun da aka lanƙwasa kamar raga a bayan firji. A nan take fitar da zafin zuwa cikin ɗaki, ta koma ruwa, ta bi ta wani siririn bututu ta sake shiga ciki. Haka take zagayawa dare da rana.

Daga wannan bayani abu biyu suka fito. Na farko, aikin firji kwashe zafi ne daga ciki zuwa waje, don haka duk abin da ya hana zafin fita ta baya, ko ya bar sabon zafi ya shiga ta gaba, zai rage sanyi. Na biyu, gas ɗin a rufe yake cikin bututu, ba ya ƙonewa kamar man fetur, ba ya kuma ƙarewa saboda aiki. Za a komo kan wannan magana, domin a nan ne aka fi cutar jama'a.

Sanyin da ake bukata a ɓangaren abinci shi ne digiri 5 ko ƙasa da haka kaɗan, a ɓangaren ƙanƙara kuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. Hannu ba ma'auni ba ne, musamman a lokacin zafi, sa'ad da kome ya ɗan yi sanyi sai a ji kamar ya isa. Ƙaramin ma'aunin zafi da aka tsoma cikin kofin ruwa, aka bar shi ya kwana a tsakiyar firji, shi ne zai faɗi gaskiya.

A Fara da Wuta

Tun daga shekarar 2013, bayan sayar da kamfanonin da suka gaji NEPA, Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Jos ne ke raba wuta a Jihar Gombe, tare da jihohin Bauchi da Filato da Binuwai. Wutar gida a Nijeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, kuma a kan haka aka ƙera firjin da ake sayarwa a ƙasar. Amma a unguwar da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, ko a gidan da ke ƙarshen layi, ƙarfin wutar yakan sauka ƙwarai, musamman da daddare a lokacin zafi, sa'ad da kowa ya kunna fanka. Wannan shi ne abin da jama'a ke kira rabin wuta.

Rabin wuta tana ruɗin mutane, domin ƙwan da ke cikin firji yana kamawa, sai a ɗauka kome lafiya. Ƙwai ba ya bukatar wuta mai yawa. Injin kuwa, a daidai lokacin da zai tashi, yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da yake ci in ya riga ya tashi. In wutar ba ta isa ba sai ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, a ji wani abu ya yi ƙas, ya yi shiru, bayan minti biyu ko uku ya sake gwadawa. Wannan ƙarar ta wata 'yar na'ura ce da aka maƙala a jikin injin domin ta yanke wuta in ya yi zafi. In aka bar shi yana wannan fama dare bayan dare, wata rana wayoyin cikinsa za su ƙone, kuɗin sabon inji kuwa babban kaso ne na kuɗin firjin kansa. Duk wanda ya ji wannan ƙara, ya cire fulogi nan take, ya jira har wuta ta cika.

Maganin wannan matsala shi ne sitabilaiza wadda ƙarfinta ya dace da girman firjin. Ya kamata kuma ta kasance mai jinkiri, watau wadda ba ta sakin wuta sai bayan 'yan mintoci da dawowarta. Dalili kuwa shi ne, in aka ɗauke wuta aka maido nan da nan, gas ɗin da ke bututun baya yana nan a matse, injin ba zai iya tashi a kansa ba. Wanda ba shi da irin wannan na'ura, ya saba wa kansa da cire fulogi in an ɗauke wuta, ya kuma jira kamar minti 5 bayan an kawo kafin ya mayar. Ƙaramin janareto ma yakan haifar da irin wannan cuta: yana ɗaukar fanka da talabijin, amma ya kasa tayar da firiza.

In kuwa ko ƙwan bai kama ba, a gwada soket ɗin da wani abu dabam, kamar fanka ko dutsen guga. A duba fulogi ko ya yi baƙi ko ya narke, a duba fis, a bi waya a ga ko ɓera ya ci ta. Firji yana son soket nasa na kansa a bango. Doguwar wayar jone mai siririn jiki, wadda aka cusa wa abu huɗu ko biyar, tana rage ƙarfin wuta, tana kuma jawo gobara.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba. Firjin da ya samu wuta awa 4 kawai a yini ba zai daskarar da buhun ruwan leda ba, ko da sabo ne fil. Wannan ba lalacewa ba ce, kuma babu makanikin da zai gyara ta.

Zafin Gari da Ƙura

Ba kowane firji aka yi domin kowace ƙasa ba. A jikin kowanne akwai 'yar takarda ko faranti, a ciki ko a baya, mai ɗauke da bayaninsa, kuma a cikin bayanin akwai harafin da ke nuna iyakar zafin ɗakin da zai iya aiki a ciki. Mai alamar SN ko N iyakarsa digiri 32. Mai alamar ST yana kaiwa digiri 38. Mai alamar T, wanda aka yi domin ƙasashe masu zafi, yana kaiwa digiri 43. Da yawa daga cikin tsofaffin firjin da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, an ƙera su ne domin ɗakunan Jamus da Holan. Irin wannan firji zai yi aiki sumul a watan Disamba da Janairu a Gombe, amma da bazara ta kama sai ya riƙa aiki ba hutu, sanyi kuwa ba ya cika. Mai shi sai ya ɗauka gas ne ya ragu, alhali kuwa gari ne ya fi ƙarfinsa. Lalle ne mai niyyar sayen firji ya nemi wannan harafi kafin ya tambayi farashi.

Wurin ajiyewa ma yana da nasa. Zafi ba ya fita daga bututun baya sai in bututun ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi. Firjin da aka manna da bango, ko aka cusa a lungun shago mai rufin kwano ba sili, ko aka ajiye kusa da murhu ko inda rana ke bugunsa ta taga, yana shaƙar zafin da shi kansa ya fitar. A bar tazarar kamar santimita 10 tsakaninsa da bango, a kuma bar samansa a buɗe. Firji na zamani da yawa ba su da raga a baya, an ɓoye bututun a cikin jikinsu ta gefe, shi ya sa gefensu ke yin ɗumi. Wannan ɗumi alamar lafiya ce. Rufe irin wannan firji da zane ko leda don kada ya yi datti, kamar yadda wasu uwayen gida ke yi saboda tsabta, daidai yake da lulluɓe mai zazzaɓi da bargo.

Sa'an nan ga ƙurar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana sauka a kan kome, ta haɗu da yanar gizo da hayaƙin girki ta lulluɓe ragar baya. Ana shiga bazara ke nan da firji sanye da rigar ƙura. A ƙarshen hunturu a cire fulogi, a jawo firjin, a share ragar da kewayen injin da burushi mai taushi, ba da ruwa ba. Firizar da ke da fanka kusa da injin, a duba ko fankar tana juyawa. Aikin minti 10 ne, amma sau da yawa shi kaɗai ke maido da sanyi.

Ƙofa da Kaya da Ƙanƙara

Robar da ke kewaye da ƙofa ita ce ke hana iskar ɗaki shiga. Da tsufa takan bushe, ta tsage, ko ta saki. Gwajinta mai sauƙi ne: a sa takarda a bakin ƙofa a rufe, sa'an nan a ja. In ta zare ba tare da an ji ta riƙe ba, robar ba ta kamawa a wannan wuri. A gwada sama da ƙasa da gefe. Wani lokaci wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu ya isa, in kuwa ta tsage sai a sake ta. A kuma tabbata firjin bai karkata gaba ba, domin ƙofar ta riƙa rufuwa da kanta. A gidan da yara ke buɗe ƙofa kowane minti neman ruwan sanyi, ya fi kyau a zuba musu nasu a kula.

Game da kaya, kuskuren masu sana'a iri ɗaya ne. Ana sauke zoɓo daga wuta, a ɗura a robobi da ɗuminsa, a cika firiza har baki, a sa ran ya daskare kafin la'asar. Duk zafin da ke cikin wannan zoɓo sai injin ya kwashe shi, kuma kafin ya gama ya ɗumama kayan jiya. A bar abin sha ya huce tukuna, a riƙa sa shi kashi-kashi, a bar 'yar hanya tsakanin kaya domin iska ta zagaya. Haka nan naman layya: a yanka shi ƙanana, a ƙulla a leda ɗaiɗai da faɗi, domin babban dunƙule yakan daskare ta waje alhali cikinsa yana ruɓa. Abincin da aka dafa kuwa, kada garin jiran ya huce a bar shi a waje fiye da awa 2.

A duba makunnin daidaita sanyi, wanda ke da lambobi. A yawancin firji babbar lamba ita ce sanyi mai yawa, kuma yaro ko gefen tukunya na iya juya shi ba a sani ba.

Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon ɓangaren sama ba alamar ƙarfin firji ba ce. In kaurinta ya wuce rabin santimita sai ta zama katanga tsakanin bututun sanyi da abinci. A kashe firjin, a kwashe kaya, a bar ƙofa a buɗe ta narke da kanta, ko a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki. Kada a kuskura a sa wuƙa ko sukundireba a ɓamɓare ta. Bututun gas yana nan kwance a ƙarƙashin ƙanƙarar, jikinsa kuwa na sanholo ne marar kauri. Tsini ɗaya ya isa a ji iska ta fita, shi ke nan firji ya mutu. Masu gyara sun san wannan rauni sarai, domin yana cikin abubuwan da aka fi kawo musu.

Firjin da ba ya tara ƙanƙara nasa ciwon dabam ne. Bututun sanyinsa yana ɓoye a bayan wani faifai a ɓangaren sama, fanka ce ke tura sanyin zuwa ƙasa ta wata kafa, akwai kuma waya mai zafi da ke narkar da ƙanƙara lokaci-lokaci. In sama yana sanyi, ƙasa ba ya yi, to ko kaya sun toshe kafar, ko fankar ta tsaya, ko ƙanƙara ta cushe hanyar. A kashe shi yini guda da ƙofofi a buɗe. In ya dawo daidai, amma bayan mako ɗaya ko biyu ya koma gidan jiya, na'urar narkarwa ce ta lalace, aikin kuwa na makaniki ne.

Maganar Gas

In an bi duk abin da ya gabata, wuta cikakkiya ce, injin yana aiki ba tsayawa, amma ragar baya ba ta yin ɗumi, ko kuwa ƙanƙara tana kama kusurwa ɗaya kawai, to akwai alamar gas ya zube ko bututu ya toshe, ko kuma injin ya gaji. A nan ne aikin mai gida ya ƙare.

Amma ya kamata ya san abin da zai tambaya. Tun da gas ba ya ƙarewa, raguwarsa tana nufin akwai huda. Makanikin da ya ɗura sabo bai nemi hudar ya toshe ba, ya sayar wa mai firji sanyin 'yan makonni ne kawai. Aikin ƙwarai shi ne a gano inda ke yoyo, a like, a sake 'yar matatar da ke tsotse danshi, a zuƙe iskar da ke cikin bututu da injin zuƙa, sa'an nan a ɗura irin gas ɗin da aka rubuta a farantin firjin, daidai nauyin da aka rubuta. Wanda ya ce gas ne tun bai taɓa firjin ba, a nemi ra'ayin wani. Haka kuma wanda ya ce inji ya ƙone, a tambaye shi ko ya gwada rile, watau 'yar na'urar da ke tayar da injin, domin lalacewarta tana kama da mutuwar inji, kuɗinta kuwa kaɗan ne.

Gas iri-iri ne, ba a kuma gauraya su. Tsohon nan R12 an gano yana lalata shimfiɗar ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, saboda haka ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a shekarar 1987, Nijeriya tana cikin masu bin ta, wa'adin daina amfani da shi a ƙasashe masu tasowa kuwa ya cika a farkon shekarar 2010. Sababbin firji da yawa R600a suke amfani da shi. Ba ya cutar da ozon, amma ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta. In bututun irin wannan firji ya huje, a buɗe tagogi, kada a kunna ashana ko makunnin lantarki kusa da shi. Kada kuma a yarda a ɗura wa firji gas ɗin girki don arha.

In za a kai firji wurin gyara, a ɗauke shi a tsaye. In tilas ta sa an kwantar da shi, a bar shi tsaye na awoyi kafin a kunna, domin man injin da ya gangara cikin bututu ya koma mazauninsa. Firjin da ke jan mutum in an taɓa shi kuwa, a cire shi daga wuta nan take har sai mai aikin lantarki ya duba shi, musamman a gidan da yara ke yawo ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti.

Abinci da Magani Kafin a Gyara

Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyin abinci kamar awa 4 bayan ya tsaya. Firiza cikakkiya takan riƙe har kwana 2, wadda ke rabi kuwa kwana 1, a zafin bazara ma ana iya samun ƙasa da haka. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma ba kullum suke sake wari ko ɗanɗanon abinci ba. Naman da ya narke amma yana da sauran ƙanƙara a jikinsa, a dafa shi ko a soya a ranar. Wanda ya narke har ya yi ɗumi, da kifi da madara da miyar da suka kwana haka, zubar da su ya fi kwanciya asibiti sauƙi. Mai sayar da kunun aya ko fura da nono kada ta sake daskarar da abin da ya riga ya yi ɗumi ta kai wa jama'a, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin da suka riga suka yaɗu, yana dakatar da su ne kawai.

Allurar insulin da ba a fara amfani da ita ba, da alluran rigakafi, ana ajiye su tsakanin digiri 2 da digiri 8. Daskarewa tana lalata insulin, saboda haka ba a sa ta a ɓangaren ƙanƙara, ba a kuma jingina ta da bangon ciki. In firji ya tsaya, a sa ta a kula tare da robar ƙanƙara da aka naɗe da tsumma yadda ba za su haɗu ba. In babu ƙanƙara, a rufe ta cikin kwalba ko leda, a ajiye a tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, sa'an nan a kai ta wurin ma'aikacin lafiya ko mai ilmin haɗa magunguna, a gaya masa awa nawa ta yi ba sanyi, shi zai faɗi ko za a ci gaba da amfani da ita.